Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darasin Tsofaffin Manhajoji ga Matasan Tambuwal da Kebbe

A duniyar wayar salula, abin da ya shekara uku ya tsufa. Wayar da ake rububin saye bara, bana an fara yi mata kallon ta gargajiya, manhajar da ba a sabunta ta ba kuwa cikin wata shida sai a goge ta a nemi wata. Wannan ɗabi'a ta bi matasa masu koyon gina manhaja har cikin sana'arsu. Matashin da ya fara koyon Python ko JavaScript a kan wayarsa a Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna ko Kuchi, da zarar ya ji an ambaci COBOL ko Fortran sai ya yi murmushi, domin a ganinsa waɗannan yarukan kwamfuta ne na zamanin kakanni da ya kamata a ce an binne su tuntuni.

Wannan kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. Kuɗin da mutane ke turawa, hasashen ruwan sama da suke dubawa a waya da alƙaluman da gwamnati ke raba arziki da su, kaso mai yawa daga cikinsu yana bi ta cikin tsofaffin manhajoji da tsofaffin ƙa'idoji. Ƙwararru sun daɗe da gano cewa sau da yawa ya fi aminci a gina gada zuwa ga tsohuwar manhaja a ci gaba da kiranta, a kan a rushe ta a sake sabuwa. Iya gina wannan gada na daga cikin ƙwarewar da ta fi ƙaranci a yankin nan, kuma rashinta yana iya taɓa aljihun mutanen da ba su taɓa ganin kwamfuta ba.

Wace ce menfirem?

Menfirem gagarumar kwamfuta ce da aka ƙera domin ta karɓi ɗimbin ƙananan ma'amaloli a lokaci guda, ta kammala su ba tare da ta tsaya ba. Manyan bankuna, kamfanonin jiragen sama, kamfanonin inshora da hukumomin haraji na ƙasashen duniya su ne suka fi amfani da ita. A ranar 7 ga Afrilu, 1964, kamfanin IBM ya fito da jerin kwamfutocin da ya kira System/360, da alƙawarin cewa manhajar da aka rubuta wa ƙaramarsu za ta yi aiki a kan babbarsu. Kamfanin ya riƙe wannan tsari har zuwa jikokinsu, wato z16 ta 2022 da z17 ta 2025. Shi ya sa manhajoji da yawa da aka rubuta shekara 50 da suka wuce har yau suke gudana a kan sabbin injuna ba tare da an sake rubuta su ba.

Yaruka biyu ne suka mamaye wancan zamani. Fortran ya fito a 1957 daga tawagar John Backus ta IBM, domin lissafin kimiyya da injiniyanci. COBOL kuma wani kwamiti ne ya tsara shi a Amurka a 1959, bisa tubalin aikin da Grace Hopper ta riga ta yi, domin harkar albashi, asusun ajiya da haraji. A wani rahoto na 2017, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ƙiyasta cewa akwai layukan umarni na COBOL kimanin biliyan 220 da ake aiki da su. Ko da an yi jayayya a kan adadin, babu mai musun cewa ya wuce abin da za a sake rubutawa cikin shekara ɗaya ko biyu.

Yadda manhajar ƙididdiga ke kiran tsohuwa

Duk ɗalibin da ya rubuta kundin kammala digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ya san sunan SPSS, ko da wani ya biya ya yi masa lissafin. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne manhajar ta fito ne tun 1968, an rubuta ta da Fortran domin manyan kwamfutoci, kuma IBM ya saye ta a 2009. Takwararta SAS an fara gina ta ne a wata jami'ar jihar North Carolina ta Amurka domin tantance sakamakon gwaje-gwajen noma a kan System/360, kafin ta zama kamfani a 1976. A wannan shekarar ce kuma John Chambers da abokan aikinsa na Bell Labs suka fara yaren S, wanda asalin manufarsa ita ce ya zama sassauƙar ƙofa zuwa ga tarin guntayen manhajar Fortran da suke da su. Daga S ne Ross Ihaka da Robert Gentleman na Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyuzilan suka samo yaren R, wanda kyauta ne ga kowa.

Ga yadda kiran yake faruwa. Mai bincike yana zaune a gaban sabuwar manhaja, ya ba ta umarni ta nemo wani guntun tsohuwar manhaja da ke ajiye a wani wuri. Sabuwar za ta ɗora guntun a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta nuna masa inda ta ajiye lambobin da take son ya yi aiki a kansu, ta jira. Guntun zai yi lissafinsa, ya ajiye amsa a inda aka yi yarjejeniya, ya mayar da ragama. A SAS akwai umarnin CALL MODULE, wanda ke dogara da wani tebur da ke bayyana siffar kowace lamba da za a miƙa. A R akwai .Fortran da .C. A Python akwai ctypes, da kuma f2py da ke zuwa tare da NumPy.

Wannan ba tarihi ba ne kawai. Duk lokacin da ɗalibi ya sa R ta gano alaƙar yawan taki da yawan amfanin gona ta hanyar umarnin lm, ainihin lissafin wani guntun Fortran ne ke yin sa, wanda aka samo daga tarin LINPACK na shekarun 1970. Manyan manhajojin hasashen yanayi na Amurka da Turai, waɗanda manhajojin yanayi na wayoyi ke ɗebo bayanai daga gare su, akasarinsu da Fortran aka rubuta su. Haka ma DSSAT, manhajar da ke kwaikwayon yadda shuka ke girma, wadda masu bincike na Jami'ar Bayero da cibiyar IITA suka yi amfani da ita wajen nazarin masara a arewacin Najeriya. Manomin albasa da ya duba wayarsa domin ya ga ko za a yi ruwa gobe, tsohon yare ne ya amsa masa, sabuwar manhaja ta isar da saƙo.

Me ya sa ba a sake rubuta su ba? Dalili na farko shi ne an shafe shekaru ana gwada su, an gano kurakuransu an gyara. Na biyu kuma ya fi nauyi. A ɗauka akwai wani guntun COBOL da ke lissafa fanshon ma'aikata a wata hukuma tun shekaru 30. Duk sauyin doka da aka yi, da duk wani keɓantaccen hukunci game da wanda ya yi hutun karatu ko aka sauya masa ma'aikata, an cusa su cikinsa a hankali, wasu ma babu takardar da ta rage da ke bayaninsu. Idan mai ƙididdiga ya sake rubuta lissafin da kansa a SAS ko R, hukumar za ta wayi gari da amsa biyu ga tambaya ɗaya: abin da rahoto ya ce a biya da abin da ake biya. Idan kuwa ya kira guntun na asali, amsa ɗaya ce za ta fito a ko'ina.

Inda gizo ke saƙa

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san cewa mudu suna ne kawai, girmansa ya danganta da garin da ake awo. Haka abin yake tsakanin tsohuwar manhaja da sabuwa, kuma a nan ne ake samun mafi yawan ɓarna.

Na farko, haruffa. Kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi. A tsarin ASCII da wayoyi da kwamfutocin yau suka gada, babban harafin A shi ne 65. A tsarin EBCDIC na menfirem, 193 ne. Idan aka tura suna daga wannan zuwa wancan ba tare da tafinta ba, shirme ne zai fito. Ko jerantawa ma ta bambanta, domin a ASCII lambobi ne ke gaban haruffa, a EBCDIC kuma haruffa ne ke gaba.

Na biyu, kuɗi. COBOL yana da salon matse lambobi, inda yake cusa alƙalami biyu cikin bayit guda, ya ajiye alamar ƙari ko ragi a rabin bayit na ƙarshe, don haka 12345 bayit uku kawai take ci. Sannan sau da yawa ba ya ajiye ɗigon da ke raba naira da kwabo, yarjejeniya ce kawai cewa alƙaluma biyu na ƙarshe kwabo ne. Lambar 0500000 tana nufin naira 5,000. Wanda bai san yarjejeniyar ba zai karanta naira 500,000.

Na uku, tebur. A ɗauka akwai farashin gero, dawa da shinkafa a kasuwar Tambuwal da ta Kebbe, lambobi shida ke nan. Yaren C yana jera su layi-layi, ya gama da Tambuwal sannan ya shiga Kebbe. Fortran kuwa yana jera su daga sama zuwa ƙasa, geron garuruwan biyu, sai dawarsu, sai shinkafarsu. Idan aka miƙa wa Fortran jerin C yadda yake, farashin dawar Tambuwal zai zama na geron Kebbe, shinkafar Tambuwal ta zama dawa, lambobi huɗu cikin shida su faɗa gurbin da ba nasu ba. Kwamfutar ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta fitar da rahoto mai kyan gani, kuma ƙarya ne.

Na huɗu ya shafi Bahaushe kai tsaye. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ babu su a ASCII, babu su a EBCDIC na asali. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ne ya ba su gurbi, kuma a salon UTF-8 da intanet ke amfani da shi kowannensu bayit biyu yake ci. Tsofaffin fayiloli kuwa gurbi ƙayyadadde suke bai wa kowane bayani. A ɗauka an ware gurbi 10 domin suna, bakwai na gaba domin kuɗi. Sunan Ɗanladi haruffa bakwai ne amma bayit takwas. Idan sabuwar manhaja ta ƙirga haruffa ta cike da fili uku, ta tura bayit 11 ke nan, sai komai ya gusa da gurbi ɗaya. Tsohuwar manhajar ko dai ta ƙi karɓar layin, ko ta karanta naira 500 a inda aka rubuta naira 5,000. Mai karatu zai iya ganin ɗan'uwan wannan a wayarsa yanzu: saƙon tes yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ guda ɗaya sai ya koma 70, domin ƙa'idar GSM ta asali ba ta san harafin ba.

Me ya haɗa wannan da Tambuwal da Kebbe?

Ba sai an girke menfirem a sakatariyar ƙaramar hukuma ba kafin maganar ta iso gida. Na'urar POS da ke bakin tasha da ƙofar kasuwa tana magana da banki ne da ƙa'idar ISO 8583, wadda aka fara fitarwa a 1987. A cikinta, gurbi 12 aka ware wa adadin kuɗi, kuma da kwabo ake rubuta shi, don haka naira 5,000 tana tafiya ne a matsayin 000000500000. Lambobin da ke fitowa a rasit idan ciniki ya ƙi, kamar 51 ta rashin isasshen kuɗi, 55 ta kuskuren lambar sirri da 91 ta rashin samun bankin mai kati, duk daga can suka fito. Lambobin USSD da ake dannawa a ƙauyukan da data ba ta kai ba, irin su *737#, *894# da *966#, fasahar GSM ce ta shekarun 1990. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, waɗannan tsofaffin hanyoyi na cikin abin da jama'a suka jingina da shi.

Sai batun alƙaluma. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta Maris 2006, wadda ta bai wa ƙaramar hukumar Tambuwal mutum sama da dubu 220, Kebbe kuma sama da dubu 120. Wadda aka shirya yi a Mayun 2023 an ɗage ta. Ma'ana, duk wani tsari na rigakafi, gina ajujuwa ko rabon kayan tallafi da ke buƙatar yawan jama'a, daga tsofaffin alƙaluma yake farawa, a ɗora musu ƙiyasin ƙaruwa. Wanda bai san yadda aka tsara tsofaffin bayanan ba zai iya tafka kuskure cikin sauƙi. A ƙidayar 1991 jihar Sakkwato tana da mutum sama da miliyan 4, a ta 2006 kuma kimanin miliyan 3.7. Matashin da ya zuba lambobin biyu a manhaja zai ga jama'a sun ragu. Gaskiyar ita ce a 1991 Zamfara tana cikin Sakkwato, sai a 1996 aka cire ta, kamar yadda aka cire Kebbi a 1991. Kalmar Sakkwato a fayil na 1985, da na 1993, da na 2006, ƙasa uku ce mabambanta.

Mutanen Kebbe suna da ƙarin matsala tasu. Harafi ɗaya ne ya raba sunan ƙaramar hukumarsu da na jihar Kebbi da ke maƙwabtaka da su. Idan manhaja tana haɗa fayiloli biyu ta hanyar kwatanta suna maimakon lambar shaida ta dindindin, ko wani ma'aikaci a Abuja ya ɗauka kuskuren rubutu ne ya gyara, bayanan ƙaramar hukuma guda za su iya narkewa cikin na wata jiha. Haka tsofaffin rajistocin haraji da na filaye: kafin 1 ga Janairu, 1973 da fam da sule da kwabo ake rubuta kuɗi, fam ɗaya kuma naira biyu ce a lokacin sauyin, sannan gonar da aka auna da eka ba daidai take da hekta ba, domin hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Ko kayan aikin ƙidaya na zamani ma suna da kakanni. CSPro, manhajar hukumar ƙidaya ta Amurka da aka yi amfani da ita a kan ƙananan kwamfutocin hannu wajen binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018, an haɗa ta ne daga tsofaffin manhajoji biyu, IMPS da ISSA. Har yau tana tafiya da ƙamusun bayanai da ke faɗin gurbin da kowace amsa ta fara da tsawonta, irin tunanin zamanin menfirem.

A rushe a sake: abin da ya faru da waɗanda suka gwada

Akwai masu cewa mafita ita ce a share komai a sayo sabo. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan cinikinsa zuwa sabon tsari cikin ƙarshen mako guda. Mutane da yawa suka kasa shiga asusunsu tsawon makonni, wasu suka riƙa ganin asusun da ba nasu ba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba, kuma a Disambar 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

A gida Najeriya, a ƙarshen 2024 wasu manyan bankuna sun sauya uwar manhajarsu kusan a lokaci ɗaya. Sterling ya bar T24 ya koma SeaBaas a Satumba, Zenith ya koma Flexcube, GTBank kuma ya koma Finacle a Oktoba. Bankunan suna da dalilansu, ciki har da ƙaruwar abokan ciniki da tsadar lasisin da ake biya da dala. Amma kwanakin da suka biyo baya sun cika da ƙorafin taransifar da ta maƙale da manhajar da ta ƙi buɗewa. Ga mai albashi a birni wannan takaici ne na 'yan kwanaki. Ga ɗan kasuwar da ya loda albasa a mota yana jiran alat, ko mai POS da jarinsa duka ke cikin asusu ɗaya a garin da reshen banki ke da nisa, asara ce ta gaske.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu sukar tsofaffin manhajoji ba su rasa gaskiya ba. A ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse cikin daƙiƙa 40 da tashinta. Dalilin shi ne an ɗauko wani guntun manhaja daga rokar da ta gabace ta, Ariane 4, wanda ke cusa wata lamba cikin gurbin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu, lambar ta yi wa gurbin yawa. A Oktobar 2020 an gano cewa hukumar lafiya ta Ingila ta bar mutum 15,841 masu ɗauke da korona ba a shigar da su rahoto ba, domin an yi amfani da tsohon samfurin fayil na Excel da ke cika a layi 65,536. A Afrilun wannan shekarar kuma gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL, saboda tsarin biyan marasa aikin yi na jihar, mai shekara sama da 40, ya kasa ɗaukar cunkoson masu nema.

Waɗannan misalai suna nuna cewa tsufa ba ya nufin inganci. Sai dai idan aka duba da kyau, a misalai biyun farko tsohon guntun ya yi daidai abin da aka gina shi ya yi. Laifin na waɗanda suka jona shi da sabon yanayi ne ba tare da sun binciki iyakarsa ba. A na ukun kuma, matsalar ita ce an bar masana sun yi ritaya ba a horar da magada ba. Duka ukun hujja ce ta neman ƙarin mutanen da suka fahimci tsohon da sabon tare.

Wasu kuma za su ce ƙirƙirarriyar basira ta gama da batun. Gaskiya ne tun Agustan 2023 IBM ya sanar da wata manhaja da ke taimakawa wajen juya COBOL zuwa Java, kuma irin waɗannan kayan aiki suna ƙara ƙwarewa. Amma juya yare bai amsa tambayar ko sabuwar manhajar tana ba da amsa iri ɗaya da tsohuwar a kan kowane ma'aikaci da kowane kwabo ba. Dole wani ya zauna ya gwada, kuma dole ya san cewa Kebbe daban, Kebbi daban. Akwai kuma lokacin da ya wajaba a yi ritayar tsohuwar manhaja, musamman idan tana da ɓarakar tsaro da ba ta gyaruwa ko injin da take gudana a kai ya ƙare a kasuwa. Ko a lokacin, hanya mafi aminci ita ce a fara gina mata gada, sannan a riƙa sauya sassanta ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya kamata a yi

Matashin da ke da wayar Android kaɗai zai iya fara koyon darasin yau. Manhajar Termux tana ba shi damar girka Python da na'urar fassara yaren C a cikin wayar. Ya rubuta ɗan guntun C da ke tara farashi, ya kira shi daga Python ta hanyar ctypes, sannan da gangan ya miƙa masa lamba mai ɗigo a inda yake jiran cikakkiyar lamba, ya ga abin da zai fito. Ya buɗe fayil mai ƙayyadaddun gurabe, ya sa suna mai ƙ ko ɗ, ya ƙirga bayit. Awa biyu a kan wannan zai koya masa abin da bidiyo goma na gina shafin intanet ba za su koya masa ba. Wanda ya samu kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya ƙarawa da GnuCOBOL, wanda kyauta ne, da darussan COBOL na Open Mainframe Project, da dandalin IBM Z Xplore da ke bai wa mai koyo damar taɓa menfirem ta gaske ta intanet ba tare da biyan kuɗi ba. Babu mai cewa wannan zai kawo aikin dala cikin wata uku. Amma masu iya zana fuskar manhaja sun yi yawa, masu iya karanta tsohon fayil su fitar da gaskiyar da ke ciki kuwa ƙalilan ne, kuma bankuna, hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji suna buƙatarsu.

Shugabannin ƙananan hukumomi da ma'aikatun jiha su ma da nasu. Duk ɗan kwangilar da zai kawo sabuwar manhajar albashi, ta haraji ko ta asibiti, a sa masa sharuɗɗa a rubuce. Ya kawo ƙamusun da ke bayyana ma'anar kowane gurbi na tsohon tsari da inda ya koma a sabo. A tafiyar da tsohon da sabon tare na aƙalla wata uku, a kwatanta sakamakonsu suna bayan suna kafin a kashe ɗaya. A gwada shi da sunaye masu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a gaban shaidu. A bai wa kowace gunduma da kowane ƙauye lambar shaida da ba ta sauyawa ko da an sauya iyaka. Sannan a ajiye kwafin tsofaffin bayanan yadda suke, kada a taɓa su.

Abu na ƙarshe shi ne mutane. A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yana ritaya ne idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Akawun da ya san dalilin da ya sa ake rubuta wata alama da jan biro a gefen rajistar albashi, ko ma'aikaciyar asibitin da ta san ƙauyuka biyu masu suna ɗaya da yadda ake bambance su, kowannensu yana ɗauke da ƙa'idojin da babu su a kowace takarda. Kafin su tafi, ya kamata a zaunar da matashi mai waya kusa da su na 'yan makonni, ya yi ta tambaya yana rubutawa. Kuɗin da za a kashe a kan wannan bai kai na kwamfuta ɗaya ba, kuma shi ne zai hana a wayi gari an biya Malam Ɗanladi naira 500 a maimakon 5,000 ba tare da kowa ya san daga ina kuskuren ya fito ba.